Na'ura Ta Ce Na Fita

Ku da kuke karanta wannan, abu ɗaya nake roƙonku: kada ku yanke min hukunci tun ban kai ƙarshe ba. Gwaggona ta riga ta yi wannan aikin, kuma ta yi shi tsaf, ba ta rage wa kowa ba.

Ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke kirana har a wurin aiki. A wani kamfanin wanki da guga nake, irin manyan nan da otal-otal ke kai wa zannuwan gado da tawul, masu hali kuma su kawo kwat da labule da rigunan amare. Ɓangaren guga da ninki aka sa ni, can ciki, a ɗakin da ba shi da taga sai fankoki biyu da ke kwasar zafi daga wannan bango su kai wancan. In kin shiga da hoda a fuska, kafin hantsi ta gangara wuyan rigarki. Amma ina son aikina, wallahi ina so. Ina son ƙamshin kaya in sun fito daga injin busarwa, ina son riga ta zo min a cukurkuɗe ta bar hannuna a miƙe, ina kuma son ranar da albashi ya shigo in biya kanti in saya wa Mama turare ban tambayi kowa ba.

Da ƙyar Baba ya bar ni na fara. Sai da Yaya ta sa baki, babbar yayarmu kenan, mai aure, wadda ke aikin ofis a ɓangaren kula da ma'aikata. Ranar da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya kafa min, yana nuna ni da rimot ɗin talabijin.

"Ranar da na ji aikin nan yana wulaƙanta ki, ranar kin gama shi. Ban gaza ciyar da ke ba."

Na ce to, Baba. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni ya aiki, amsata ɗaya ce: lafiya lau. Har ƙari nake yi, in ce ai kamfaninmu na 'yan gayu ne, awa guda cur ake ba mu ta cin abinci.

To bari ku ji yadda awar take. A bakin ɗakin gugarmu akwai wata 'yar na'ura a bango, ta dangwala yatsa. In ka zo ka dangwala, in ka tashi ka dangwala. Ƙarfe ɗaya ka dangwala ka fita cin abinci, ƙarfe biyu ka dangwala ka dawo. Wannan awar ba a biyan ta, tunda an ce taka ce. Haka abin yake a rubuce. Yadda yake a aikace kuwa, shugabar ɓangarenmu ce ta tsara shi, wadda muke kira Madam Agogo a bayan idonta. Ɗaya na bugawa za ta tafa hannu ta ce, "'Yan mata, a je a gai da na'ura." Sai mu yi layi, kowa ta ɗora yatsa, na'ura ta yi ƙit, ta rubuta an fita. Daga nan mu juya mu koma kan teburin guga, don motar otal ƙarfe uku take zuwa kuma ba ta san jira ba. Biyu na yi a sake tafa hannu, mu sake layi, mu dawo daga inda ba mu je ba. Sallah bi da bi, a gurguje. Abinci kuwa sai wadda ta iya satar biskit daga aljihun rigar aiki ta jefa a baki. Da safe ma sai mun share ɗakin, mun kunna duwatsun guga sun yi zafi, sannan a ce mu dangwala mun zo. Wayoyinmu suna kulle a loka, ɗan akwatin ajiyar kayan kowa, daga safe har tashi.

Mun saba har abin ya koma mana wasa. Akwai Anti Sitati, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, gajeriya mai faɗi, ita ke sa wa rigunan manya sitati. In mun dawo daga layin ƙarfe biyu sai ta shafa ciki ta ce, "Yau kazar nan gishiri ya ɗan yi mata yawa." Wata ta ce ita kifi ta ci. Mu yi ta dariya, cikinmu na kuka. Kullum Anti tana zuwa da kular abincinta, kullum tana komawa da ita a cike. In ka tambaye ta sai ta ce ai shan iska take kawo ta.

Yanzu sai maganar Mai Tabarau.

Gwaggo yayar Baba ce, kuma tun da na gama makaranta ta mayar da aurena sana'arta. Ta kawo min wani mai shagon taya, wanda ya zauna ya yi ta min bayanin taya har lemonsa ya huce. Ta kawo wani da bai ɗago daga wayarsa ba har ya tafi. Da ta ce ga ɗan ƙawarta nan zuwa, na yi niyyar in gaishe shi in sallame shi. Ko jan baki ban sa ba, doguwar rigar zaman gida ce a jikina, na yafa mayafin Mama. Sai ga mutum ya yi sallama, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya zauna a gefen kujera, farar rigarsa da guga irin ta wanda ya yi da kansa kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Mama ta aiko da lemon kwali. Ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya juya kwalin yana neman ranar lalacewarsa. Ya ɗago ya ga ina kallonsa.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "A shagon magani nake aiki. Ciwon sana'a ne."

"Ni ma tun da ka shigo nake kallon kwalar rigarka," na ce. "Ka ƙona ta ta gefen hagu."

Ya shafa wurin, ya yi dariya, ni ma na yi. Kafin ya tafi na ajiye lambarsa da sunan Mai Tabarau, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar na tsaya gaban madubi ina jin haushin rigar da na sa.

Matsalarmu ɗaya ce, lokaci. Shi yana shiga aiki da rana ya kai dare, ni ina tashi bayan magariba, ranar hutuna kuma ba tasa ba ce. Sai wata rana ya turo min saƙo.

"Gwaggo ta ce kuna da hutun awa guda ƙarfe ɗaya. Kamfaninku kan hanyata yake, na ga akwai benci a ƙarƙashin bishiya a ƙofarku. In riƙa kawo abinci mu ci tare?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Bakina ne ya ja min, ni na yi ta tallan awar nan a gida. Da na gaya masa gaskiya a lokacin, zai gaya wa mahaifiyarsa, ita ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo kuwa in magana ta shiga kunnenta, kafin ta sauke mayafi Baba ya ji. Sai na rubuta, "To, Allah ya kai mu," ina cewa a raina ai ko sau ɗaya Madam za ta ɗaga min ƙafa.

Washegari na same ta da muryar ladabi. "Madam, yau ina da baƙo a waje. Minti goma kawai."

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga ƙirga tawul. "Baƙo? Zannuwan nan ma baƙi ne za su kwana a kai. Koma kan teburinki."

Da yamma na buɗe loka na tarar da saƙonsa. "Na zo ban gan ki ba. Na bar wa maigadi abincin."

"Ka yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni."

"Ba komai. Sai goben."

Goben ma haka, jibin ma haka. Wata rana in ce kaya sun yi yawa, wata rana in ce inji ya lalace. Shi kuma bai fasa ba. Yana zuwa, ya zauna a bencin nan da kwandon abinci, ya jira har lokacin aikinsa ya matso, ya miƙa wa Baba Maigadi, ya tafi. Sai na lura kumatun Baba Maigadi sun fara sheƙi. In na zo wucewa da safe har miƙewa yake.

"Auta, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ki riƙe shi hannu biyu. Jiya har da ƙwai a kan shinkafar."

Ina dariya, amma raina yana sosuwa. Abincina ne fa, na masoyina, ni ko ƙamshinsa ban taɓa ji ba.

Abin da ban sani ba, a ɗan ɗakin Baba Maigadi akwai allo da ke haɗe da na'urarmu. Sunan wanda ke ciki ya nuna kore, na wanda ya fita ya nuna ja. Shi Baba Maigadi ƙofar gaba ce tasa, bai taɓa leƙa ɗakin guga ba, kuma ya san akwai ƙofar baya ta ma'aikata. A wurinsa abin da allo ya faɗa ya zauna. Ranar da Mai Tabarau ya gaji da jira ya roƙe shi ya aika a kira ni, sai Baba Maigadi ya ce masa da zuciya ɗaya:

"Ai ta fita, ɗana. Zo ka gani, ga ta nan ja. Yarinyar nan akwai kiyaye lokaci, kullum ɗaya daidai take fita, biyu daidai ta dawo. Ta baya suke bi. Jan aji ne na 'yan mata, ka yi haƙuri da ita."

Shi a ganinsa yabona yake yi.

Da na buɗe loka a yammacin nan, saƙo ɗaya ne kawai. "Na ga allon maigadi yau. Da kin gaya min tun farko, da ban takura miki ba."

Na kira, bai ɗauka ba, yana bakin aiki. Na sake kira, shiru. Ban san yadda na isa gida ba. Ina zuwa ƙofar falo na ga takalman Gwaggo, masu duwatsu a sama, waɗanda ba ta sa su sai in za ta je biki ko za ta je faɗa.

Tana zaune a tsakiyar doguwar kujera, jaka a cinya, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace don sauri. Mama na gefe ta rafka tagumi. Baba yana kujerarsa, talabijin a kashe, abin da ba ya faruwa a lokacin labarai.

"Zauna nan," in ji Gwaggo, tana nuna ƙasa. "Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, ina kike zuwa?"

"Ina wurin aiki, Gwaggo."

"Na'ura ta ce kin fita."

Na sunkuyar da kai.

"Me kika tare wa na'ura da za ta yi miki sharri? Kin ci bashinta ne? Yaro ɗan mutunci yana dakon ki a rana, uwarsa na tashi ta dafa miki abinci da hannunta, ke kuma kina zillewa ta ƙofar baya. Yau matar nan ta kira ni, kunya ta hana ni haɗiye yawu."

Nan na ji wani abu ya soke ni. Ashe mahaifiyarsa ce ke dafawa.

Mama ta ce a hankali, "Auta, in akwai wani ne ki faɗa. Ba wanda zai yi miki dole. Ɓoye-ɓoyen ne ba ma so."

"Wallahi Mama babu kowa."

Baba ya gyara zama. Shi ba ya doguwar magana. "Abu biyu ne. Ko kina fita, ko kina ciki. Wanne ne?"

Ku tsaya ku duba min wannan tambayar. In na ce ina fita, na zama maƙaryaciya, na rasa Mai Tabarau, na zubar da mutuncin Gwaggo. In na ce ina ciki ina guga da yunwa a awar da ba a biyana, gobe ko ƙofar gida Baba ba zai bar ni in taka da rigar aiki ba. Na dubi kafet, na dubi rimot ɗin da ke hannunsa.

"Baba, ka ba ni zuwa gobe."

"Gobe," ya ce, ya kunna talabijin.

Na shige ɗaki na rufe ƙofa na kira Yaya. Da na fara ba ta labarin gai da na'ura sai ta kama dariya, har ina jin ɗanta yana tambayar me aka yi. Da na kai kan biskit a aljihu sai dariyar ta ɗauke.

"Tun yaushe kenan?"

"Tun da na fara."

"Kuma ni ina nan, wannan ne aikina kullum, ba ki taɓa buɗe baki ba? Auta, saurara. Awar da ba a biyan ki, taki ce. Ko su sake ki ki je ki ci abincinki, ko su lissafa ta a aiki su biya ki. Babu ta uku. Sharar da kuke yi da safe kafin ku dangwala ma aiki ce. Duk lokacin da ba ki da ikon ɗaukar jakarki ki fita, kina bakin aiki ne, ko me allo ya nuna."

"Yaya, in na yi magana kora ta za su yi."

"In suka kore ki don kin ci abinci a lokacin cin abinci, sun sauƙaƙa min. Akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙarar, da ƙafata zan raka ki. Amma ni ban ce ki yi faɗa da kowa ba. Su suka ce kin fita, ko? To ki fita."

Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Sai na rubuta wa Mai Tabarau gaskiyar duka, da layin, da tafin, da kular Anti Sitati. Amsarsa ba ta zo ba sai da safe, ina ɗaura ɗankwali.

"Ina so in yarda da ke. Amma abin da idona ya gani daban, abin da kika rubuta daban, ban san wanne zan kama ba. Zan zo yau. In kin fito, mu yi magana. In ba ki fito ba zan daina damun ki, ba da faɗa ba."

Ko ɗan hoton murmushin da ya saba sa min a ƙarshe babu. Na karanta har sau nawa ban sani ba, ina ji kamar in zauna in yi kuka, amma hodar da na shafa mai tsada ce.

Shuɗiyar doguwar rigata na sa, mai ƙananan furanni a hannu, wadda nake ɓoyo don fita ta musamman, na ɗora rigar aiki a kai. Anti Sitati na ganina ta ɗaga gira.

"Auta, wannan shuɗin da ke leƙowa fa? Yau na'ura za ta kai ki yawo ne?"

"Anti, yau zan raka ta."

Ta dube ni da kyau, ta koma kan sitatinta.

Kamar da gayya, ranar kaya suka yi mana ambaliya. Zannuwa har saman kwando, ga wata rigar amarya mai jela da aka ce lallai a gama. Ina guga ina kallon agogon bango, har na kusa ƙona rigar matashin kai ta wani otal. Ɗaya ta buga, Madam ta tafa hannu.

"'Yan mata, a je a gai da na'ura."

Na shiga layi. Ta gabana ta dangwala ta juya dama, hanyar tebur. Na ɗora yatsana, na'ura ta yi ƙit. Sai na juya hagu, hanyar loka. Ƙafafuna ba su yi min gardama ba, na gode musu. Na cire rigar aiki na rataye, na gyara mayafi, na ɗauki wayata da jakata.

"Auta." Muryar Madam ce a bayana. "Ina za ki?"

"Hutu, Madam."

"Wane hutu?"

"Na ƙarfe ɗaya. Na'ura ta rubuta na fita, ba na so in mayar da ita maƙaryaciya."

Madam ta matso, ta rage murya. "Kin san mata nawa ke neman teburin nan naki?"

"Na sani, Madam. Biyu daidai zan dawo in ci gaba. In kuma ana so in tsaya yanzu, sai in sake dangwalawa a rubuta ina ciki, a biya ni awar. Duk wanda kika zaɓa."

Ban jira ba, na bi doguwar baranda zuwa ƙofar gaba. Ina tafiya na jiyo Anti Sitati a bayana tana cewa, da muryar nan tata ta ba'a, "Madam, bari in kai kular nan waje, yau ta ce ta gaji da shan iska."

Baba Maigadi na ganina ya leƙa allonsa, ya dube ni, ya sake leƙa allon.

"Ikon Allah. Yau ke da na'ura kun biyo hanya ɗaya."

Mai Tabarau yana kan bencin, kwando a gefensa, ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a hannu. Rabona da ganin ranar tsaka a waje har na manta, sai da na kare idona da hannu. Ya ɗago, ya miƙe da sauri har makullin ya faɗi.

"Kin fito."

"Na fito."

Muka tsaya muna kallon juna. Sai cikina ya yi wata ƙara da ba zan iya musun ta ba. Ya dubi cikin, ya dube ni, ya buɗe kwandon.

"Ci tukuna. Magana ta jira."

Shinkafa ce da kaza, da ayaba biyu a gefe. Na yi niyyar in ci irin cin 'yan mata, kaɗan-kaɗan, ana tsakura ana kallon gefe. Loma ta uku na manta da wannan niyyar. Yana zaune yana kallon hannuna, da tabon dutsen guga a bayan yatsuna. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Ki yafe min," ya ce. "Ni ina nan ina jin haushin mutumin da babu shi. Har kama na yi masa, dogo, mai mota."

"Wace irin mota?"

"Baƙa. Mai sanyi a ciki."

Na yi dariya har na ƙware, ya miƙo min ruwa. "Ni ma ka yafe min," na ce. "Da na gaya maka tun ranar farko. Tsoro nake kada Baba ya raba ni da aikin."

"Kin san mutum nawa ke zuwa shagonmu neman maganin gyambon ciki saboda irin wannan? Kullum ina yi musu faɗa su riƙa cin abinci a kan lokaci, ashe tawa tana nan tana guga da biskit."

Tawa ya ce. Na ji, na yi kamar ban ji ba, na ƙara loma.

Sai muka jiyo hayaniya daga kwanar ginin. Ga Anti Sitati a gaba da kularta, ga 'yan ɗakinmu a bayanta, ba duka ba amma da dama, kowa na ƙifta ido a rana. A tsakiyarsu kuwa, da lema a hannu da takalma masu duwatsu, Gwaggo ce. Ashe tun kafin azahar ta kafa kujera a ƙofar baya, ta zo kama ni da mai mota. Sai ƙofa ta buɗe, mata suka fito da kuloli, ta tare Anti da tambaya, Anti kuwa ba ta rage mata komai ba.

"Ni dama na san 'yata ba ta ƙarya," in ji Gwaggo tun daga nesa, ko kunya babu. "Jinina ce. Ina ita Madam ɗin? A nuna min ita in gaishe ta."

Da ƙyar muka riƙe ta. Na ce, "Gwaggo, Baba fa? In ya ji zai hana ni aikin."

"Babanki ni na goya shi. Ki bar ni da shi. Yunwa ce aka hana, ba aiki ba. Ke dai ci abincinki." Ta juya ga Mai Tabarau. "Kai kuma, allo ya ce, allo ya ce. Ka je makaranta don ka yarda da bango?"

Ya ce a yi masa afuwa, bai tuna mata cewa jiya ita ma bangon ta yarda da shi ba. A nan na ƙara tabbatarwa yana da hankali.

Mata suka baje a inuwa, aka buɗe kuloli. Anti Sitati ta ɗanɗana abincinta da rana a karon farko, ta taɓe baki ta ce ashe da gaske gishirin yana yawa. Baba Maigadi na tsaye a bakin ɗakinsa yana kallon kwandon da idon maraici, sai Mai Tabarau ya ciro wata roba daga ƙasa ya miƙa masa, ya ce mahaifiyarsa ta ce ba a yanke wa mutum abin da ya saba rana ɗaya.

Awa guda ashe ba ta da tsawo in kana cikinta da gaske. Na yi sallata a natse a ɗakin Baba Maigadi, na gyara fuska. Biyu saura kaɗan muka miƙe, muka shiga ta ƙofar gaba, muka yi layi ba tare da an tafa mana ba. Na dangwala, na'ura ta yi ƙit. Zannuwan suna nan inda muka bar su, rigar amarya na rataye da jelarta.

Madam Agogo na tsaye a bakin loka, ta harɗe hannu.

"Kar ki sa rigar aiki tukuna. Manaja yana son ganin wadda ta fara fita."

Matan suka dubi juna. Anti Sitati ta ajiye kularta, wadda yau babu komai a ciki, ta ce ita ma ai ƙafarta na son hawa bene, ta biyo bayana. Ofishin manaja a sama yake, ban taɓa hawa ba. Ina tsakiyar matakala wayata ta yi motsi a jaka, don ban kai ga kulle ta ba. Na ciro.

"Ko me suka ce miki a ciki, gobe ƙarfe ɗaya ina nan da kwando. In sun bar ki, a benci. In sun kore ki, a falonku, dama ina da magana da Baba."

A ƙarshe ga ɗan hoton murmushin ya dawo.

Na mayar da wayar, na tsaya a gaban ƙofar manaja. Tsoro yana nan, ba zan ce muku ya tafi ba. Amma tun da na fara aiki a gidan nan ban taɓa kaiwa ƙarfe biyu da ƙoshi ba sai yau, kuma mai ƙoshi muryarsa ba ta rawa. Na ɗaga yatsan nan da na saba ba na'ura, na lanƙwasa shi, na ƙwanƙwasa.